Tsohuwar mota mai ɗaki ko sabuwa mai kama da ta da, wacce ya kamata ka saya?

Tun bayan babbar sallah ƙanina da ke zaune a Indiana yake ta kirana kan magana ɗaya, Yaya don Allah tsohuwa zan saya ko sabuwa. Abin da yake nufi shi ne motocin nan masu ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da bayi, waɗanda a nan Amurka ake ce wa RV, mutum ya kwashi iyalinsa ya kama hanya duk inda dare ya yi nan ne gida. Shi dai fasalin na da ne ya tafi da hankalinsa, irin na shekarun 1960 da 1970 masu ratsin fenti a gefe da fitilu zagayayyu, kuma na fahimce shi sosai don ni ma ciwon da ya kama ni ke nan shekarun baya. To yanzu hanya biyu ce, ko dai ka nemo ta asalin wadda ta kai shekara arba'in ko hamsin, ko ka ɗauki ta zamani wadda aka yi mata kwalliyar da. Na shiga dukansu, na kwana a dukansu, kuma abin da na gaya masa shi zan faɗa a nan.

Bari in fara da abin da ya buɗe min ido. Wata Asabar na yi tafiyar awa biyu don ganin wata 'yar 1970 da wani abu da aka sa a kasuwa, a hoto kamar ka sace ta ka gudu, fenti yana ƙyalli, labulaye sababbi, mai ita dattijo ne mai fara'a ya ce ai injin lafiya lau, ya murza ta tashi a bugu ɗaya. Ina shiga sai na ji wani wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba bayan damina. Na durƙusa a lungun bayi na danna ƙasa da tafin hannu sai na ji ta lotsa kamar burodi, na haska tocila cikin kabad ɗin sama na ga tabon ruwa ya zana taswira a katako, na sa sukudireba a hankali a kusurwar taga sai ga ta ta shige ba tare da na yi ƙarfi ba, katakon ya zama gari. Shi kansa dattijon bai san abin ya kai haka ba, na ga ransa ya ɓaci. Daga ranar na gane cewa a harkar nan injin ba shi ne babbar magana ba, ruwa ne. Injin ko ya mutu murus ana sauke shi a ɗora wani, amma in ruwa ya ci ƙashin ɗakin to sai dai a warware komai a sake gini, kuma kuɗin hakan yakan fi kuɗin motar.

Shi ya sa in za a yi maganar tsofaffi ba a haɗa su a kwando ɗaya. Yawancinsu katako ne a ciki aka lulluɓe da siririn alminiyam, kuma duk inda aka huda rufi don taga ko esi ko bututu to ƙofar ruwa ce in danƙon ya bushe. Amma akwai waɗanda aka gina su daban. Wadda na fi girmamawa ita ce GMC Motorhome da aka ƙera a Pontiac ta jihar Michigan daga 1973 zuwa 1978, guda 12,921 kawai aka yi, mai tsawon ƙafa 23 da mai tsawon ƙafa 26. Bodinta alminiyam ne da faiba, tayoyin gaba ne ke jan ta domin injin da giyar Oldsmobile Toronado aka sa mata, shi ya sa ta yi ƙasa-ƙasa ba sai ka hau matakala uku ba kafin ka shiga, a baya kuma tayoyi biyu-biyu ne a jere bisa jakar iska. Har yau dubbai suna kan titi, masu ita suna da ƙungiyoyi, kuma akwai masu ƙera mata kayan gyara sababbi. Sai Airstream mai jikin alminiyam kamar jirgin sama, masana'antarsu na Jackson Center a nan Ohio, an fi sanin su da ɗakin da ake ja da wata mota amma sun yi masu injin ma a shekarun 1970 da 1980, ita ma fa tana yoyo ta bakin tagogi kuma ƙasanta katako ne, kar ƙyallin ya ruɗe ka. Sai ƙananan nan da aka ɗora a kan Toyota, irin su Dolphin da Sunrader, wanda ya taso a arewa in ya buɗe bonet zai yi murmushi don a-kori-kurar Hilux ce kawai aka ɗora wa ɗaki, yawanci da injin 22R ko 22RE da bakanikenmu suka sani kamar yunwar cikinsu. Sunrader bodin faiba ne shi ya sa ta fi jure ruwa. Amma a nan akwai abin da ba wasa, na farkon an yi su da gatarin baya wanda bai kai ya ɗauki nauyin ɗakin ba har aka yi kiranye a canza, don haka in ka je saye ka tabbatar an sa mata babban gatarin nan mai kusoshi shida, in ba haka ba ka juya kawai.

A Turai kuma sarauniyar ita ce Volkswagen mai rufin da ke ɗagawa sama wadda kamfanin Westfalia ke gyarawa, dangin danfon Legas ce in ka lura da kyau. Samfurinta da ake ce wa T2 an yi ta a Jamus daga 1967 zuwa 1979, injin a baya, iska ce ke sanyaya shi, mai lita 1.6 ɗin dawaki wajen 50 ne kacal, wato in ka loda iyali da kaya ka fuskanci hawa to sai haƙuri, manyan motoci za su riƙa wuce ka. Kuma farashinta ya haukace saboda masu tara kayan tarihi.

To su na zamani masu kamar da fa? Gaskiya ba su da yawa kamar yadda mutum zai zata, musamman masu injin. Wadda ta fi shahara ita ce Winnebago Brave, kamfanin na Forest City a Iowa ya fara motoci masu ɗaki a 1966, kuma tsohuwar Brave kowa ya san ta da goshinta mai kamar gira da babban harafin W a gefe. A samfurin 2015 suka dawo da wannan fasalin, da ita da 'yar uwarta Itasca Tribute, a kan shasin Ford F-53 mai injin V10 lita 6.8, amma ba ta daɗe ba suka daina, don haka yau sai dai ka samu ta hannu. A ɓangaren ɗakunan ja an fi samun zaɓi, Shasta sun sake fito da Airflyte ta 1961 a 2015 har da fikafikanta na baya, guda 1,941 suka yi daidai da shekarar da aka kafa kamfanin, akwai kuma Vintage Cruiser ta Gulf Stream. A Turai wani kamfanin Italiya mai suna Caselani tun 2017 yake lulluɓe bas ɗin Citroën Jumper da faiba ta koma kamar tsohuwar Type H mai jikin kwano wadda Faransa ta yi daga 1947 zuwa 1981. Sai ID. Buzz ta Volkswagen mai lantarki, kyakkyawa ce ba ƙarya, amma wadda aka kawo Amurka ba ta zo da murhu ko bayi ba sai ka kai an gyara, kuma caji ɗaya wajen mil 230 ne, ga wanda ke son ratsa hamadar Nevada wannan abin lissafi ne.

Abin da nake so ka riƙe game da waɗannan shi ne, kamar da ɗin a fata ta tsaya. Fenti ne da kujeru masu launi da daɓe mai dara-dara fari da baƙi, amma in ka buɗe kabad za ka ga irin katakon nan mara nauyi da ƙusar harbi da ake yi wa kowace RV ta yau, firjin da hitar da fanfon ruwan duk iri ɗaya ne da na sauran, galibi ma daga yankin Elkhart na Indiana suke fitowa inda cibiyar sana'ar take. Wannan yana da kyau ta wani gefe, duk abin da ya lalace za ka same shi a shago ko ka yi oda ya iso cikin kwana biyu. Amma kar ka ɗauka sabuwa ba ta yoyo. Na taɓa hayar wata ta zamani na mako guda, a dare na uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da asuba na tashi alwala na taka ruwa a bakin ƙofa, kuma motar ba ta fi shekara uku ba. Rufin ta zamani ma sai ana hawa ana duba danƙonsa aƙalla sau biyu a shekara.

Yanzu maganar injin da hanya, a nan ne ta zamani ta yi wa tsohuwa fintinkau kuma ba zan ɓoye ba. Tsohuwa kafireto ce, da sanyin safiya sai ka lallaɓa ta, in ka hau duwatsun Colorado inda iska ta yi ƙaranci ƙarfinta ya ragu ta fara shan mai ba ji ba gani, in zafi ya yi yawa fetur ya tafasa a layi ta mutu maka a tsakiyar hawa. Fetur ɗin yanzu kuma an gauraya shi da ethanol kashi goma, shi kuwa cin tsofaffin tiyo yake, kuma tiyon fetur da ya tsage a kan injin mai zafi ka san abin da zai biyo baya, gobara ce. Don haka duk wanda ya sayi tsohuwa kafin ya je ko'ina sai ya canza tiyon mai gaba ɗaya, da na birki, da na lagireto, ya sa a gwada layin iskar gas, ya sa na'urar da ke kuka in hayaƙi mai guba ya taru. Sai taya, kar ka kalli zanenta ka ce ai sabuwa ce, irin motocin nan zama suke yi ba tafiya ba, rana ce ke kashe tayar. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ta haura shekara shida ko bakwai ka sa kuɗin sababbi a lissafi. Da yawa daga na da ma rim ɗinsu inci 16.5 ne wanda tayarsa ta yi wuya yanzu, sai an canza zuwa 16.

Ta zamani kuwa ka murza ta tashi, injekta ce, giya mai yawa, esi na aiki, in fitila ta kama a gaba kowane gareji zai jona kwamfuta ya gaya maka ciwon. Tsohuwa fa samun wanda zai taɓa ta ma aiki ne, yaran garejin yanzu da yawa ba su taɓa kwance kafireto ba, wasu wuraren da sun ji shekarar motar za su ce ba sa karɓa, kuma kuɗin aikin bakanike a nan da awa ake lissafa shi ba kamar gida ba da za ka kira oga ya zo da yaransa ku daidaita. In kuma ta tsaya maka a daji, janwen da zai ja mota mai ƙafa 26 ba ƙaramin kuɗi zai ci ba. Amma ga wani abu da mutane ba sa zata, wajen shan mai babu wani bambancin kirki tsakanin manyan. GMC tana yin mil 8 zuwa 10 a galan, wato wajen kilomita uku da rabi zuwa huɗu a lita, ita ma mai V10 ɗin kusan nan take, don akwati ne kake turawa cikin iska ko na wace shekara ne. Masu sauƙin mai su ne ƙananan Toyota da na zamani masu jikin bas.

Inda na fi tsayawa da ƙanina shi ne yara, yana da uku, ƙaramar ba ta kai shekara biyu ba. Tsohuwa yawanci bel ɗin cinya kawai gare ta, a baya ma wani lokacin babu ko ɗaya, kujerun kuma a kaikaice suke, ba inda za ka ɗaura kujerar jariri yadda ya kamata. Babu ABS, birkin da ke hana taya kullewa, babu jakar iskar da ke fitowa in an yi karo. A T2 ƙafafunka ne a gaba, tsakaninka da abin da za ka daka siririn ƙarfe ne. Ka duba fa, Brazil ta ci gaba da ƙera T2 ɗin da sunan Kombi har Disamba 2013, wani kamfanin Ingila Danbury yana shigo da su yana mai da su ɗakin kwana, abin da ya kashe ta shi ne dokar da ta wajabta jakar iska da ABS daga 2014, fasalin ba zai ɗauka ba. Sai dai in yi adalci, manyan na zamani masu faffaɗan gilas ma yawancinsu ba su da jakar iska, kuma bel ɗin wurin cin abinci sau da yawa na cinya ne. Waɗanda suka fi tsaro su ne waɗanda aka gina cikin bodin bas na kamfani irin Sprinter ko Transit ko Jumper. Wata dabarar kuma da na fi so wa mai ƙananan yara ita ce ɗakin ja, yara suna cikin motarka ta yau da kullum a ɗaure a kujerunsu, ɗakin yana biye a baya, ya yi kamar na 1961 ɗin in ka ga dama.

Sai kuɗi. Tsohuwa kuɗin sayenta kaɗan ne na gyaranta ne ba ya ƙarewa, araha ba ta ado, ni dai shawarata duk abin da ka biya ka ajiye kwatankwacinsa a gefe. Amma in ka gyara mai suna irin GMC ko Westfalia ko Airstream darajarta ba ta faɗuwa sosai, ta riga ta gama faɗuwarta tun tuni. Sabuwa dal kuwa ranar da ka fitar da ita daga wurin dila ta fara zubewa. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, yawancin masu sayen sabuwa a nan bashin banki suke ci na shekara goma sha biyar har ashirin da kuɗin ruwa, dila ba zai gaya maka jimilla ba sai dai ya ce kaza ne a wata. Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya jefa kansa cikin riba saboda abin shaƙatawa ba, wanda a shekara bai fi ya hau shi mako uku ba. Wannan kaɗai ya isa ya tura mutum wajen ta hannu da zai biya lakadan.

Akwai ƙananan dokoki da ke iya juya lissafin. A Amurka wasu wuraren yada zango masu zaman kansu ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma, ko su ce ka turo hoto tukuna, wuraren gwamnati kam ba ruwansu, kuma ka lura ita Brave ta 2015 ma ta riga ta shiga wannan layin. A California mai fetur 'yar 1975 zuwa baya ba a yi mata gwajin hayaƙi, wadda ta biyo baya ana yi. 'Yan uwa na Ingila, in mota ta cika shekara 40 ana iya yi mata rajistar tarihi, ba harajin hanya ba kuɗin hayaƙi na Landan da ake ce wa ULEZ, fam 12.50 a rana, amma 'yar shekara 25 mai dizal ita ce a tsaka mai wuya, ba ta tsufa ba kuma ba ta tsira ba. A Jamus shekara 30 ne ake ba da lambar tarihi mai H. Kuma wanda ya ci lasin a Ingila daga 1997 kilo 3,500 ne iyakarsa, tsofaffin motocin ɗaki na Hymer manya wasu sun wuce haka.

Zaman ciki kuma, mu mutanen ruwa ne, alwala sau biyar ga mutum biyar ga tsarki ga wanke tukunyar tuwo, tankin da Bature zai yi kwana huɗu da shi mu kwana biyu ya ƙare kuma na ƙazanta ya cika. Don haka ka tambayi girman tankuna kafin ka tambayi launin labule. Na zamani sun fi faɗi, wasu bangonsu yana turowa waje in an tsaya har ka samu wurin shimfiɗa darduma biyu, ga soket ko'ina. Amma wallahi akwai abin da tsohuwa ke da shi wanda ba a saye, manyan tagogin GMC da yamma rana na faɗuwa, ƙamshin tsohon katako na gaske, ka tsaya shan mai wani tsoho ya taso ya ce irin ta mahaifinsa ce ya tsaya ku yi ta hira. A ta zamani mai kamar da za a ce maka ta yi kyau a wuce.

Abin da na ce wa ƙanina ke nan. Shi hutunsa mako biyu ne a shekara, gidan haya yake ba filin ajiya, bai taɓa canza ko filogi da hannunsa ba, ga yara ƙanana. Na ce ƙanina ka bar tsohuwa tukuna, in ka saye ta hutun naka a ƙarƙashinta zai ƙare kuma maiɗakinka ba za ta sake yarda ta shiga ba, ka nemi ɗakin ja mai fasalin da na hannu wanda motarka za ta iya ja, ko Brave ta hannu in kuɗin ya kai ba tare da bashi ba, kuma kafin komai ka yi hayar irinta na kwana uku ka gani ko rayuwar ma ta karɓe ku. Wanda kuwa yake da gareji da kayan aiki, yaransa sun girma, yana jin daɗin ya wuni da sufana a hannu, to shi ya nemi GMC ko Sunrader daga jihohin da ba a zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara irin Arizona, don tsatsar ƙasan motocin Ohio da Michigan ba a magana.

Ya samo wata a kusa da Fort Wayne, ɗakin ja mai ƙafa 19, mun yi da shi Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan same shi can. Na ce ya gaya wa mai ita ya kunna firjin tun daren Juma'a don irin firjin nan yana ɗaukar awoyi kafin ya yi sanyi, ya kuma cika tankin ruwa mu gwada fanfo. Ni zan zo da tsani da tocila da sukudireba.